Darasi na 7: Gishirin Miya da Lafiyar Zuciya

Dunƙule hannunka ka duba. Kusan girman zuciyarka ke nan. Wannan 'yar tsokar ce ke tura jini cikin jijiyoyi dare da rana, ba hutu. Idan jinin yana matsa wa jijiyoyin fiye da kima, shi ake kira hawan jini. Sau da yawa ba ya zuwa da ciwo ko zazzaɓi. Mutum yana zuwa gona, yana cin kasuwarsa, kwatsam sai a ji ɓarin jikinsa ya shanye, ko zuciya ta buga. Nan take a ce iska ce ko jifa, alhali abin ya daɗe yana taruwa.

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. In ya yi yawa, ruwan jijiyoyi ya ƙaru, aikin zuciya ma ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, shi ma bai cika ba.

To, mu leƙa madafi. Uwargida ta ɗora miyar kuka. Ta ɗebo gishiri da hannu ta watsa, ta murza dunƙule huɗu, ta jefa 'yar kanwa. Da aka kai wa maigida tuwo, bai ko ɗanɗana ba ya jawo gwangwanin yaji ya barbaɗa. Gishiri nawa ke nan? Kaso mai yawa na dunƙulen nan gishiri ne. Kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, yajin kuma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Ba a ma ƙirga tsiren yamma da taliyar leda ta yara ba.

Ba a ce a ci lami ba. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro suna tayar da miya, kuma da su kakanninmu suka yi girki. Maigida, in miya ta zo da sauƙin gishiri, kada ka ɓata rai. Gyara ake yi maka.

A yawaita zogale, rama, alayyahu, kuɓewa da wake, da gwanda ko lemo in an samu. A sassauta wa kitse, soye-soye da lemon kwalba. Taba kuwa babu batun ragewa, bari ake yi. Wanda ke yini zaune a shago ko kan babur, ya yi tafiyar sassarfa ta minti 30, kwana 5 a mako.

Ba a gane hawan jini da ido, sai an auna a asibiti. In awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Aikin gida

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: zuciya, jijiya, gishiri, ƙirji.
2. Minti 30 sau 5, minti nawa ke nan a mako?
3. Ƙirga dunƙule nawa aka saka a tukunyar gidanku yau. Rubuta adadin, ka zo da shi aji gobe.