Yadda Ake Auna Turjiyar Lantarki a Ruwan da Ya Bi ta Rezin

Rezin ƙananan ƙwayoyi ne da ake zubawa a tulu, ruwa ya bi ta cikinsu su kama gishirin da ke narke a cikinsa. In za ka auna wannan ruwa, kada ka tsoma wayoyin mitar masu gyaran rediyo cikinsa. Wutarta gefe ɗaya take tafiya, sai ayon (ɓurɓushin gishirin da ya narke, masu cajin lantarki) su taru a jikin ƙarfen su yi masa shinge, lamba ta yi ta hawa kana kallo. Nemi mitar awon ruwa mai wutar AC mai kai-da-komo, da kan awo (ɓangaren da ke taɓa ruwa) mai lambar sel, wato tazarar ƙarafansa a kan faɗinsu, 0.01 ko 0.1.

Saurin juyawar wutar ma da magana. In ya yi ƙasa ƙwarai, shingen nan ne zai shiga awon. In ya yi sama, ruwan da wayar su zama kafasita, wuta ta zille ta can, turjiya ta fito ƙasa da gaskiya. Ga tataccen ruwa, tsaya wajen haz 100 (juyi 100 a daƙiƙa) zuwa ƙasa, waya kuma gajeriya mai rufin kariya.

Ruwan da ba gishiri ko ɗis yana ba da turjiyar megohm-santimita 18.2 a zafin digiri 25, wato ɗaukar wutarsa (kishiyar turjiya) maikirosimen 0.055 ce a kowane santimita. Ka zuba shi a buɗaɗɗen kofi, nan da nan zai sha iskar kabon dayoksaid, ya doshi maikirosimen 1. Saboda haka a cikin bututu ake awo, ruwa na gudu, ba kumfar iska a kan ƙarfen. Duba zafi kuma: ruwan famfo yana canzawa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri, tatacce kuwa wajen kashi 5.

Kada kan awo ya taɓa ƙwayoyin rezin. A cikin tataccen ruwa sun fi ruwan kansa ɗaukar wuta, don ayon ɗin da ke jikinsu suna tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ƙwaya biyu-uku suka maƙale tsakanin ƙarafan, sai ka ɗauka ruwan ya lalace. Sa rariya a bakin mafita.

Abin da ya fi rikita sababbin hannu shi ne tulun rezin na farko da ruwa ke bi, mai kama sodiyam da kalsiyam. Ruwan da ya fito daga cikinsa galibi ya fi wanda ya shiga ɗaukar wuta, kuma hakan daidai ne: ayon haidurojin da rezin ya saki ya ninka sodiyam saurin tafiya kusan sau 7. Ranar da lambar ɗaukar wutar ruwan wannan tulu ta fara sauka, sodiyam ne ke sulalewa, rezin ya ƙoshi. Tsayar da ruwa, ka farfaɗo da rezin ɗin da asid haidurokulorik mai ƙarfin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, ka ɗauraye har awo ya tsaya wuri ɗaya.