Yadda ake tuntuɓar wakilin sa-kai in ana neman gurbi a makarantar hafsoshin sojan Amurka

Yaron da ya ɗaura niyyar shiga ɗaya daga cikin manyan makarantun hafsoshin Amurka ba zai yi nisa da cike takardu ba sai ya ci karo da sunan wani mutum. Mutumin nan ba ma'aikacin makarantar ba ne, galibi ma ko sisi ba a biyansa, amma shi zai zauna da yaron ya yi masa tambayoyi, ya rubuta rahoto a kansa. Makarantar sojan ruwa da ke Annapolis a jihar Maryland, wadda aka kafa a 1845, tana kiransa Blue and Gold Officer, daga launin shuɗi da ruwan zinare na makarantar, a taƙaice BGO. Ta sojan sama da ke Colorado Springs tana ce wa nata Admissions Liaison Officer, a taƙaice ALO. West Point ta sojan ƙasa, tsohuwar cikinsu tun 1802, tana kiran ayarin masu taimaka mata Field Force. Suna ya bambanta, aiki ɗaya ne. Wasu tsofaffin ɗalibai ne, wasu hafsoshi masu ritaya ko na ko-ta-kwana, wasu kuma iyaye ne da 'ya'yansu suka bi ta can.

Kafin ka rubuta wa kowa, tabbatar ƙofar taka ce

Wannan hanya ta 'yan ƙasar Amurka ce. 'Ya'yan mutanenmu da aka haifa a Bronx ko Maryland, da waɗanda suka sami takardar zama ɗan ƙasa, duk suna ciki, maza da mata, don tun 1976 ake ɗaukar mata. Sharuɗɗan a fili suke: ka cika shekara 17, kada ka kai 23 kafin 1 ga Yuli na shekarar shiga, ba ka da aure, babu kuma wanda shari'a ta ɗora maka ɗawainiyarsa. Karatun shekara huɗu ne kyauta har da ɗan alawus, sannan ka biya da aikin soja na aƙalla shekara biyar.

Wanda yake ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana ne zalla, ba ta nan zai bi ba. Makarantun suna karɓar baƙi kaɗan, amma gwamnatin ƙasarsu ce ke gabatar da su ta ofishin jakadancin Amurka. Wakilin sa-kai ba shi da ta cewa a wannan. In wani ya ce maka ya san wakili a can, ka kawo kuɗi a gyara maka hanya, riƙe aljihunka.

Nemo sunansa

Lokacin da ya dace shi ne rabin ƙarshe na aji 11, tsakanin Janairu da Mayu, wato saura shekara ɗaya da 'yan watanni ka gama sakandare. A lokacin ne ake buɗe takardar neman farko, a lokacin ne kuma ake neman shiga ɗan gajeren shirin gwaji da makarantun ke yi wa ɗalibai a watan Yuni. Da zarar makarantar sojan ruwa ta amince da kai a matsayin cikakken mai nema, za ka ga sunan wakilinka da imel ɗinsa a shafinka na masu neman gurbi. In kana so ka yi magana da wani tun kafin wannan, shafin makarantar yana ɗauke da sunayen shugabannin wakilai na yankuna, sai ka rubuta wa na yankinku ya haɗa ka da wanda ke kula da makarantarku. Mai ba ɗalibai shawara a sakandarenku ma sau da yawa ya san shi. Yawanci da makarantar da kake ko unguwar da kake zaune ake raba wakilai, ba zaɓa ake yi ba.

In makaranta biyu ko uku kake nema, wakili biyu ko uku gare ka. Kada ka aika musu wasiƙa ɗaya ka manta ba ka sauya sunan makarantar ba. Abin dariya ne, amma yana faruwa.

Kai za ka rubuta, ba Baba ba

A nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, kuma da kyakkyawar niyya. A wajenmu yaro ba ya tunkarar babba da buƙata. Uba ne ko kawu zai sa babbar riga ya je ya gaisa, ya ce ga ɗanka nan na kawo maka, a taimaka. Ladabi ne, babu mai musu. Amma wakilin nan abin da aka ɗora masa ya gano shi ne: yaron ne yake son aikin soja, ko iyayensa ne suka hango karatun kyauta suka tura shi? Idan wasiƙar farko daga wayar uba ta fito, uwa ce ta kira ta tsara ranar ganawa, to an ba shi amsa tun bai tambaya ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Iyaye su tsaya a baya su yi addu'a, su tuna wa yaro ranaku, su kai shi a mota in wurin da nisa. Magana kuwa tasa ce.

Na biyu, a cire wa rai cewa wakilin nan uban gida ne mai rabon gurbi. Ba ya ba da gurbi, ba ya hanawa da bakinsa. Kwamitin makaranta ne ke yanke hukunci, rahotonsa ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake dubawa tare da sakamakon makaranta, jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, wasanni, da shaidar malamai. Saboda haka babu zancen tsaraba. Turare, hula, kilishi, duk a bar su a gida. Abin da muke ɗauka karamci ne, shi zai jefa shi cikin tsaka mai wuya, don dole ya mayar.

Wasiƙar kanta, da Turanci za ka rubuta, kuma gajeriya. Fara da duba adireshin imel ɗinka. In sunan wasa ne da ka buɗe kana aji bakwai, buɗe sabo mai ɗauke da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a takardunka. A layin take ka sa sunanka, makarantarka da shekarar da kake son shiga. Ka gaishe shi da muƙaminsa in yana da shi: Kwamanda wane, Kanar wance. Ka lura, Kyaftin a sojan ruwa babban hafsa ne, daidai yake da Kanar a sojan ƙasa, kada ka raina. In ba ka ga muƙami ba, Mista ko kwatankwacinsa na mata ya wadatar. Sannan ma'anar abin da za ka faɗa ba ta wuce haka ba:

"Sunana wane, ina aji 11 a makaranta kaza a gari kaza. Na cike takardar neman farko, an kuma nuna mini kai ne wakilin yankinmu. Ina gudu a ƙungiyar makarantarmu, ina kuma koyar da ƙananan yara lissafi ranar Asabar. Zan so in san lokacin da ka fi so mu yi ganawa, da abin da ya kamata in kammala kafin nan. Ga lambar wayata. Na gode da lokacinka."

Shi ke nan. Doguwar gaisuwa irin tamu, ya gida ya iyali ya gajiya, a ajiye wa dangi. Kada ka fara da saƙon waya ko ka bi shi Facebook, sai in shi ne ya ce ya fi son haka. Ka karanta wasiƙar sau biyu da ƙarfi kafin ka danna aikawa, domin daga ita ya fara auna ka.

In shiru ya yi yawa

Mutumin nan yana da nasa aikin da iyali, wani ma tafiya ba ta barinsa zama. Ka ba shi mako ɗaya zuwa kwana goma. Ka leƙa akwatin tarkacen imel ko amsarsa can ta faɗa. In babu, sake rubutawa a ƙarƙashin wasiƙar farko, layi biyu cikin ladabi. In wannan ma ta wuce shiru, ka sanar da shugaban wakilan yankin ko jami'in ofishin ɗaukar ɗalibai mai kula da jiharku, ba da sigar kai ƙara ba, ka ce dai kana so ka tabbatar adireshin da ke hannunka daidai ne. Wasu wakilan da gangan ba sa sa ranar ganawa sai sun ga ka kammala kaso mai yawa na takardunka, don ba sa son ɓata yammacinsu a kan wanda zai watsar a hanya. Ci gaba da aikinka, kada jiransa ya tsayar da kai.

Shi kuma in ya rubuto, amsa a ranar, in ta yi tsawo washegari.

Abin da za ka tambaye shi, da abin da ba nasa ba ne

Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar da amsarta ke shafin farko na makaranta tana nuna ba ka yi karatu ba. Tambaye shi abin da sai wanda ya gani ya sani: yadda makonnin horon farko suke ga sabon shiga, inda ya ga raunin takardunka, irin ayyukan da ake rarraba wa waɗanda suka gama. Musulmi yana da damar tambaya a fili yadda ake yi da sallar Juma'a, azumi a lokacin horo, abincin halal, ko ɗankwali ga mace. In bai sani ba zai haɗa ka da ofishin limaman makarantar. Gara ka ji yanzu da ka ji bayan an aske maka kai. In kana riƙe da fasfo na wata ƙasa ban da na Amurka, faɗa masa da wuri, don batun yana tasowa wajen binciken tsaro.

Abu uku kuma ba a hannunsa suke ba, ko da zai tuna maka su. Na farko takardar tsayarwa: West Point, Annapolis da Colorado Springs duk sai wani mai iko ya tsayar da kai, yawanci ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku ko ɗaya daga sanatoci biyu na jiharku, akwai kuma ta mataimakin shugaban ƙasa. Kowane ofishi da nasa fom da ranar rufewa, da yawa tsakanin Satumba da Nuwamba, tun kafin ita makarantar ta rufe nata. Ka nemi duka waɗanda ka cancanta. Makarantar masu tsaron gaɓar teku da ke New London ita ce ba ta buƙatar wannan. Na biyu binciken lafiya, wanda DoDMERB, hukumar duba lafiya ta ma'aikatar tsaron Amurka, ke yi. Asma bayan shekara 13, alal misali, tana iya jawo a dakatar da mutum, kuma makaranta ce ke duba ko za a yi masa sassauci. Wakili ba likita ba ne, kada ka ɗora masa takardun asibiti. Na uku gwajin ƙarfin jiki mai sassa shida, daga jefa ƙwallon kwando a durƙushe har gudun mil ɗaya a ƙarshe, ana yin su a jere da ɗan hutu kaɗan; wani wakilin yana iya sa ido a yi gwajin, amma makin a hannunka yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka fara atisaye watanni kafin nan.

Ranar ganawa

Wani wakilin gidanku zai zo, wani ya ce ku haɗu a laburare ko shagon shan kofi, wani ta bidiyo in akwai nisa. Ka ware awa ɗaya ko fiye. Isa da minti goma a hannu, cikin riga mai kwala da wando mai guga, waya a kashe, da takarda shafi ɗaya mai jerin karatunka, wasanninka da ayyukan da ka jagoranta. Kada ka raina abin da kake yi a gida. Yaron da ke kai ƙannensa makaranta kullum, ya tsare wa mahaifiyarsa shago bayan an tashi, ya fassara wa kakarsa maganar likita, ɗaukar nauyi yake yi, kuma irin abin da ake nema ke nan. Sai dai in bai faɗa ba, babu mai sani.

Ga wani wuri da tarbiyya ke iya juya wa yaro baya. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, a yi magana ƙasa-ƙasa, a bar amsa a "to" da "haka ne". Ba'amurken hafsa yana iya karanta wannan a matsayin rashin ƙarfin zuciya ko ɓoye wani abu. Dube shi a ido, ɗaga murya yadda zai ji, ka amsa da cikakkiyar jimla. Gwada da wani malaminku tukuna in abin yana maka nauyi. In kuma ba ka musabaha da mace, ko ke ba kya yi da namiji, a yanke shawarar yadda za a yi tun daga gida: hannu a ƙirji, murmushi, da bayani na jimla ɗaya ya fi a bar hannun mutum a miƙe ana kame-kame.

Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce: me ya sa kake son wannan? "Karatu kyauta ne" gaskiya ce, amma ba ta isa ba, don ana maganar shekara tara na rayuwarka ne, wataƙila har da fagen daga. Zai kuma so ya ji ranar da ka gaza da yadda ka yi, da abin da za ka yi in ba a ɗauke ka ba. Kada ka ƙara gishiri. Dokar mutunci ta West Point cewa ta yi ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, ba ya kuma kau da kai ga mai yi, sauran ma kusan haka suke. In an taɓa dakatar da kai a makaranta, faɗa da bakinka kafin ya gani a takarda.

In a gida aka yi, iyaye su gaisa, a kawo ruwa ko shayi, sannan su ba da wuri. Wakilai da yawa sukan kira su daga baya su amsa tambayoyinsu, a nan Mama za ta fitar da duk abin da ke cinta.

A daren ko washegari ka aika masa godiya ta layi uku, ka ambaci abu ɗaya da ya faɗa wanda ya amfane ka. Bayan haka ka riƙa sanar da shi in wani abu ya sauya: makin jarrabawa ya ƙaru, an naɗa ka kyaftin ɗin ƙungiyar wasa, ɗan majalisa ya tsayar da kai. Ba kullum ba, sai da dalili. Ranar da sakamako ya fito ma ka gaya masa, ko wane iri ne. Wasu akan tura su makarantar share fage ta shekara ɗaya, kamar ta sojan ruwa da ke Newport a Rhode Island. Wasu kuma su yi shekara a jami'a su sake nema tun shekarunsu ba su wuce ba, kuma in ba ka bar yankin ba, mai yiwuwa shi ɗin ne dai zai sake zama da kai.