Shawara ga masu bin lacca ta waya

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, na Jami'ar Bayero (BUK) da na Jami'ar Maitama Sule duka.

Tun daga kullen korona na 2020 malamai da yawa suka saba tura darasi ta intanet, kuma abin da ya fi kayar da mu shi ne data da caji. In za ku shiga Zoom, ku kashe kyamararku tun daga farko. Hoton bidiyo ne ke cinye data, murya kaɗan take ci. In malam na amfani da Zoom na kyauta, zai yanke bayan minti 40, don haka kada ku tashi, ku sake shiga ta wannan link ɗin.

Laccar da aka ɗora a YouTube kuma, ku rage ingancinta zuwa 360p. Rubutun allo yana karantuwa a haka, sai dai in lissafi ne mai ƙananan alamomi, shi kam a ɗaga zuwa 480p. Ya fi sauƙi a sauke ta cikin dare da tsarin datar dare, a kalla da safe.

Ku kuma hana WhatsApp sauke komai da kansa. Bidiyon biki da na barkwanci a guruf ɗin aji sun isa su ƙarar da datar mako.

Batun caji, a zafin Afrilu na Kano kada ku bi lacca waya na jikin caja, za ta ɗau zafi ta fara sanɗa. Ku cika fawa bank da wuri, wanda ke da hali ya ɗauki rikodin laccar ya tura wa 'yan aji.