Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin yadda galaksi ke rasa gas a cikin gungu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka yana kallon mata na sheƙa ya riga ya san rabin wannan darasi. A ɗaga ƙwarya a zubo hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗo wurinta. Kusan haka ke faruwa da galaksi, wato tarin biliyoyin taurari irin wanda ranarmu ke ciki, idan ta afka cikin gungun 'yan'uwanta: taurarinta su tsaya daram, gas ɗinta ya bi iska. Kwatancin yana da daɗi, ni ma da shi nake farawa. Amma yana da tarko. A masussuka abin da iska ta ɗauke shara ce. A galaksi kuwa abin da aka kwashe shi ne irin shuka, domin da gas mai sanyi ake haifar sabbin taurari. Galaksin da ta rasa shi kamar manomi ne da rumbunsa ke cike amma ba shi da abin da zai shuka baɗi.

Ga wuraren da na ga ɗalibai da masu rubutun kimiyya sun fi yin tuntuɓe.

Haɗa gungun taurari da gungun galaksoshi

Wannan na farko ne kuma mai saurin gyara. Kaza da 'Ya'yanta gungun taurari ne, yana cikin galaksinmu, nisansa wajen shekarar haske 440 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya a shekara ɗaya). Gungun da muke magana a kai kowane ɗa a cikinsa galaksi ce sukutum. Gungun Birgo, wanda ya fi kusa da mu cikin manya, yana nisan wajen shekarar haske miliyan 54, kuma yana da galaksoshi fiye da 1,000. Gungun Koma ya fi shi nauyi da cunkoso, nisansa ya haura shekarar haske miliyan 300. Idan za ka rubuta, faɗi gungun me kake nufi tun a jimlar farko.

Ɗaukar cewa babu komai a tsakanin galaksoshin

A hoton da aka ɗauka da hasken da ido ke gani, tsakanin galaksi da galaksi baƙi ne wuluk, sai mutum ya ce fili ne kawai. Daga nan duk bayanin ke lalacewa, domin idan babu komai a wurin, mece ce iskar da za ta yi sheƙar?

Filin cike yake da gas mai tsananin zafi, daga digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100. Saboda wannan zafin ba ya ba da hasken ido, hasken eksre yake fitarwa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar duniyarmu kuma tana tare wannan haske, don haka sai da aka tura na'ura sama sannan aka gan shi da kyau. Kumbon da ya taka babbar rawa a nan shi ne Uhuru, wanda aka harba ranar 12 ga Disamba 1970 daga wani dandali a cikin teku kusa da Malindi, a Kenya. Ranar ce ta bikin samun 'yancin ƙasar, shi ya sa aka ba shi suna da kalmar Sawahili mai ma'anar 'yanci. Shi ya nuna cewa hasken eksre na gungu irin su Koma a bazu yake ko'ina, ba daga galaksi guda yake fitowa ba.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne nauyin wannan gas. A manyan gungu ya ninka nauyin duk taurarin galaksoshin a haɗe sau da yawa. Amma kada a zarce zuwa ɗaya kuskuren, a zaci wani hayaƙi ne mai kauri. Ko a wajen tsakiyar gungu, abin da za ka samu a kwalbar lita ɗaya bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ko 'yan kaɗan ba. Lita ɗaya ta iskar ɗakinka tana ɗauke da ƙwayoyi 25 da sifili 21 a bayansu. Girman filin ne ya tara masa nauyi.

Zaton iska ce ke kaɗawa ta tura galaksi

A mafi yawan lokaci galaksin ce ke gudu. Nauyin gungu na janyo ta zuwa tsakiya, ta riƙa ratsa gas mai zafin nan da saurin kilomita 1,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, kusan tafiyar Kano zuwa Legas kafin ka ƙifta ido. Mai babur ya san wannan: ko da rana ce da ganye ba ya motsi, ya murɗa totur hularsa za ta tashi. Gudunsa ne ya haifar da iskar.

James Gunn da Richard Gott ne suka tsara lissafin a 1972. Matsin da galaksi ke ji ya dogara da abu biyu, kaurin gas ɗin da take ratsawa da kuma saurinta, amma saurin sau biyu yake shiga lissafin. Idan gudu ya ninka biyu, matsi ya ninka huɗu. Idan ya ninka uku, matsi ya ninka tara. Ɗalibai da yawa na mantawa da wannan, sai su kasa gane dalilin da galaksin da ta doshi tsakiyar gungu kai-tsaye ke yin asara fiye da wadda ke kewaye ta gefe. Ta tsakiyar ta haɗu da masifa biyu a lokaci ɗaya: can ne gas ya fi kauri, can ne kuma gudunta ya kai ƙarshe.

A ɗaya ɓangaren akwai nauyin galaksin kanta da ke riƙe gas ɗinta. Riƙon ya fi ƙarfi a cibiya, ya fi rauni a baki. Shi ya sa sheƙar ke farawa daga gefe ta yi ciki. A galaksi mai lafiya, wadda taurarinta da gas ɗinta ke shimfiɗe kamar faifai, faifan gas ɗin haidurojin ya fi faifan taurari faɗi sosai. A galaksoshin da ke kusa da tsakiyar Birgo abin a juye yake, gas ya tsuke ya koma cikin faifan taurari. Galaksin NGC 4522 ta Birgo misali ce da ake yawan kawowa: taurarinta na zaune lafiya, amma gas da ƙurarta sun ɗage sama a gefe ɗaya kamar an fizge mata ɗankwali.

Taurarin fa? Ba abin da ke samunsu. Tauraro dunƙulallen abu ne mai nauyi, wannan siririyar iska ba ta iya gusar da shi. Duk wanda ya rubuta cewa matsin yana watsar da taurari ya kauce.

Cewa karo ne ke jawo komai

Tunanin yana da tarihi, ba na jahilai ba ne. A 1951 Lyman Spitzer da Walter Baade sun kawo shawarar cewa karo tsakanin galaksoshi ne ke share musu gas a cikin gungu. Kuma hankali na karɓarsa, tunda inda ake cunkoso nan ake gogayya. Matsalar ita ce gudun ya yi yawa. Kafin galaksi biyu su haɗe su zama ɗaya sai sun gamu a hankali, nauyin kowace ya samu lokacin kama 'yar'uwarta. A tsakiyar Koma wucewa suke yi fiu. Haɗewa ta fi yawa a ƙananan rukunoni masu galaksi kaɗan, inda ake tafiya sannu. Galaksinmu da babbar maƙwabciyarta Andiromeda a irin wannan ƙaramin rukuni suke.

Wucewar da sauri ba ta tafiya a banza. Kowace na ɗan girgiza galaksi, kuma idan ta yi ta maimaituwa, ga jan nauyin gungun gaba ɗaya, sai ƙaramar galaksi ta birkice, siffarta ta sauya. Ben Moore da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1996, suka ba shi sunan da a Hausa za mu ce tsangwama.

Jingina kowace asara ga sheƙa

Wannan ne kuskuren waɗanda suka ɗan yi karatu. Da zarar mutum ya koyi lissafin Gunn da Gott, sai ya riƙa ganinsa a ko'ina. Akwai hanya ta uku da ba ta da hoto mai ban sha'awa, amma tana da tasiri. Galaksi tana da wani lulluɓin gas mai ɗumi da ya kewaye ta daga nesa, wanda ke hucewa a hankali yana sauka cikin faifai. Shi ne kamar rafin da ke ciyar da tafki. Riƙonsa ba shi da ƙarfi, don haka shi ake fara rabawa da galaksi tun tana bakin gungu. Gas ɗin faifai bai taɓu ba, ta ci gaba da haihuwar taurari da abin da ke hannu har ya ƙare. Richard Larson da Beatrice Tinsley da Nelson Caldwell ne suka kawo wannan bayani a 1980. Horon yunwa ke nan. Sheƙa mai ƙarfi na iya gama aikinta cikin shekaru miliyan ɗari-ɗari, yunwa kuwa tana ɗaukar biliyoyi.

To yaya za ka bambance? Dubi tsofaffin taurari tukuna, su ne shaidar da ba ta ƙarya. Jan nauyi ba ya zaɓe, yana jan gas da tauraro baki ɗaya. Idan ka ga faifan taurari ya karkace, ko doguwar jela ta tsofaffin taurari, sau da yawa biyu a ɓangarori masu kishiyantar juna, aikin nauyi ne. Idan taurari na nan tsaf amma gas ya bi gefe ɗaya, sheƙa ce. Idan babu jela, babu karkata, sai dai hannuwan galaksin, wato murɗaɗɗun layukan haske da ke cikin faifanta, sun dusashe kamar mai ƙarancin jini, ka fara zargin yunwa. Sidney van den Bergh ya kira irin waɗannan masu ƙarancin jini tun 1976, kuma sunan ya dace.

Kada kuma ka tilasta wa kowace galaksi dalili ɗaya. NGC 4438 ta Birgo tana ɗauke da tabon biyu, taurarinta a hargitse, gas ɗinta ma an ture shi.

Fassara rasa gas da mutuwa nan take

Kalmar "matacciya" da masana ke amfani da ita ta rikita mutane. Ba a nufin galaksin ta yi duhu. An daina haihuwa ne kawai. Manyan taurari masu shuɗin haske ba sa daɗewa, cikin shekaru miliyoyi kaɗan sun ƙone. Ƙananan masu ja da rawaya suna kai biliyoyi. Sai launin galaksin ya koma ja a hankali, tana nan tana haskawa.

Abin da ya fi wannan daɗi shi ne, kafin haihuwar ta tsaya, matsin na iya ƙara mata wuta. Gas ɗin da aka danna yana dunƙulewa, dunƙulewa kuma ita ce mafarin tauraro. Har a cikin jelar gas da aka fizge ana haihuwa. ESO 137-001, a gungun Noma, tana jan jela mai tsawon wajen shekarar haske 260,000, fiye da faɗin faifan galaksinmu sau biyu, da ɗigo-ɗigon jariran taurari a cikinta. D100 ta Koma tana da siririyar jela miƙaƙƙiya ta wajen shekarar haske 200,000. Ana yi wa irinsu laƙabi da sunan wata halittar teku mai kai kamar laima da igiyoyi na reto a ƙarƙashinta. A nan ne mai kallon hoto ke cewa, ai ga taurari an kwashe. A'a. A can aka haife su, bayan gas ɗin ya bar gida. Launinsu shuɗi ne ya tona shekarunsu.

A 2017 Bianca Poggianti da abokan aikinta, da babbar na'urar hangen nesa ta Turai da ke Chile, sun duba bakwai daga cikin irin waɗannan galaksoshi masu dogayen jela, suka tarar a shida baƙin ramin da ke cibiya, wato dunƙulen nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, yana cin gas yana tartsatsi. Alama ce cewa wani ɓangare na gas ɗin ciki yake gangarawa, ba waje ba. Bakwai ba yawa ba ne, don haka a ambace shi a matsayin abin da aka gani, kada a mai da shi doka.

Dogaro da hoto mai kyau

Tun 1980 Alan Dressler ya ƙirga galaksoshi a gungu 55 ya nuna cewa duk inda cunkoso ya ƙaru, masu hannuwa na raguwa, masu santsin jiki na ƙaruwa. Wannan ido na iya gani. Gas ɗin da ake jayayya a kansa kuwa ido ba ya ganinsa. Haidurojin mai sanyi yana magana ne da zangon rediyo mai tsawon santimita 21, dunƙulallen gas mafi sanyi kuma sai da na'urori irin ALMA da ke hamadar Atakama. Shi wannan dunƙulallen ya fi taurin kai, yana zaune can ciki, don haka galaksi na iya rasa yawancin haidurojin ɗinta na gefe alhali cibiyarta na ci gaba da aiki. Wanda ya ce "ba ta da gas" ba tare da faɗin wane gas ba, bai gama magana ba.

Da waɗannan na'urorin rediyo ne kuma ake ganin cewa ɓarnar ba ta jiran a iso tsakiyar babban gungu. Galaksoshi da yawa a rukuni suke shigowa, kuma tun a rukunin sun fara asara. MeerKAT, mai faifai 64 a yankin Karu na Afirka ta Kudu, wadda aka ƙaddamar a 2018, ta auna gungun Fonaks, wanda bai kai Birgo nauyi ba, ta kuma gano jelar haidurojin a bayan wasu galaksoshinsa. Ko a unguwarmu ma haka ne: ƙananan galaksoshin da ke kewaya galaksinmu a kusa kusan duk ba su da gas, na nesa ne ke da shi, kuma Gajimaren Majalan biyu, wasu ƙananan galaksoshi maƙwabtanmu da har yanzu ke da gas, suna jan wani dogon zaren haidurojin a bayansu da ya ratsa babban yanki na sararin kudu.