Yadda Ake Neman Fayil ɗin da Stasi ta Ajiye a Kan Mutum

Erich Mielke ya shugabanci Stasi, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, daga 1957 zuwa 1989, ya mutu a 2000. Abin da ya bari takardu ne, waɗanda in aka jera za su kai kilomita 111. Tun watan Janairun 1992 doka ta ba kowa damar ganin abin da aka rubuta a kansa, Bajamushe ne ko baƙo, har ɗaliban Afirka da suka yi karatu a Leipzig ko Gabashin Berlin. Daga 2021 takardun suna hannun Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihi ta tarayya.

Fom za ka cike, a takarda ko ta intanet, ka haɗa da tabbacin cewa kai ne mai sunan. Mazauna Jamus a ofishin rajistar mazauna ake buga musu hatimi. Na waje kuwa su nemi ofishin jakadancin Jamus.

Wajen rubuta suna ake yawan yin tuntuɓe. Binciken yana farawa ne daga katunan sunaye da ake kira F16, don haka rubuta kowace siga da aka taɓa rubuta sunanka da ita: Muhammad, Mohammed, Mamman. Sa ranar haihuwar da ke fasfonka na wancan lokaci, ko da ba ita ce ta ainihi ba, da duk adireshin da ka zauna. Daga nan sai haƙuri, amsar takan ɗauki watanni.

In an ce ba a sami komai ba, ba lallai ne a ce ba a bi sawunka ba. A ƙarshen 1989 jami'an Stasi sun yi ta yayyaga takardu da hannu, har yau akwai buhuna wajen 16,000 da akasarinsu ba a harhaɗa ba. Kana iya sake nema bayan wasu shekaru.

Karanta fayil ɗinka kyauta ne, kwafi ne ake biya wa 'yan kuɗi. Za ka ga an shafe sunayen wasu da baƙin tawada, mai kai rahoto kuma da sunan boge yake. Sunansa na gaskiya sai ka sake rubuta buƙata ta daban, kuma sai takardun sun nuna shi ba tare da shakka ba. Kada ka ɗauki duk abin da ke ciki gaskiya. 'Yan rahoto sukan ƙara gishiri don neman shiga wurin ubangidansu. Kuma gara ka shirya zuciyarka, don sau da yawa sunan da ke fitowa na aboki ne ko ɗan'uwa.