Yadda na samu aka janye umarnin kama ni bayan na kasa halartar kotu

Ina kan beli a wata ƙaramar shari'a lokacin da rashin lafiya ya kwantar da ni a asibiti, har ranar zaman kotu ta wuce. Da aka kira sunana ba a gan ni ba, kuma babu wanda ya miƙe ya ba da uzuri, sai alƙali ya ba da umarnin a kamo ni. Irin wannan umarni ba ya mutuwa don an daɗe. Yana nan har sai an kama mutum ko kotun ta janye shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya tsaya mini, domin ana iya karɓe kuɗin da ya ɗauki alkawari, ni kuma a soke belina.

Washegarin sallamata na nemi lauyana. Ya tabbatar da umarnin a wurin magatakardan kotu, sannan ya shigar da roƙon a janye shi, tare da takardar rantsuwa da takardun asibiti masu nuna ranar da aka kwantar da ni da ranar da aka sallame ni.

Na kai kaina gaban alƙali, matakin da a ganina ya fi komai tasiri, na ba da haƙuri ba tare da ƙarin gishiri ba. Ya duba takardun, ya janye umarnin, ya bar belina yadda yake, ya kuma sa sabuwar rana.