Yadda za ka tada tsohuwar 504 Coupé da ta daɗe a ajiye

Ɗan'uwa in kana da Peugeot 504 Coupé ɗin nan mai ƙofa biyu da ta fara fitowa a 1969, tana kwance a gida nan Garwa ƙura ta rufe ta, don Allah kar ka yi gaggawar murɗa makulli.

Fara buɗe kapo ka duba wayoyi, ɓeraye na cinye su sosai. Sai ka cire buji, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana, washegari ka juya injin da sifana a hankali, in ya juya to alhamdulillahi.

Tsohon esansin tanki kuwa tsiyaye shi duka don ya riga ya yi danƙo, ka wanke tankin, in zuwa-zuwa (esansin da ake sayarwa a bakin hanya) za ka zuba ka tace da ƙyalle mai tsabta. Yi vidanj (canjin baƙin mai), sabon filta, sabon batir, ka duba tiyon radiyata saboda zafin Garwa ba wasa ba ne.

Birki fa kar ka yi sakaci, canja mansa, taya in ta tsattsage a gefe cire ta. Kayan injin mai silinda 4 ana samu ta Yola ko Mubi tunda a da an daɗe ana haɗa 504 a Kaduna.

Kafin ka hau kwalta sabunta asirans da vizit teknik (takardar gwajin lafiyar mota).